Me Za Ki Kai Wa Mai Jego?

A wannan mako maganar kayan barka na ke so mu yi, domin da wuya wata ya ƙare ba mu ji an yi haihuwa a dangi ko a unguwa ba.

Ki tuna barkar da ki ka je ta ƙarshe. Me ki ka ga an tara a bakin gado? 'Yan riguna, da huluna, da safa, da hoda, har da takalman da yaron ba zai sa ba sai ya shekara. Duk na jariri ne. Ita kuwa wadda ta haife shi tana gefe, ido ya yi zuru-zuru don rashin barci, ana ta yi mata barka tana amsawa. Kyauta ga jariri ba laifi ba ce. Amma mu lura, a watanni 6 na farko yaron nan ba shi da tukunya, ba shi da randa, sai ƙirjin uwarsa. Saboda haka wadda ta kula da uwar ita ce ta ciyar da ɗan. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Watanni 6 ɗin nan ba ni na ƙaga su ba. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa ba jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu, sa'an nan a haɗa masa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Na san za ki ce, “To, da wannan zafi namu, ba zai ji ƙishirwa ba?” Ai wajen kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, mai tsabta kuwa. Ruwan randa ya kan cika masa ciki ya rage tsotso, wani lokaci ya jawo masa zawo. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna jarirai 29 kaɗai cikin 100 na 'yan ƙasa da wata 6 su ke samun nono zalla. Rashin ƙauna ba shi ya kawo haka ba. Uwa ce ta gaji, ga yunwa, ga aiki, ga surutun mutane. Nan ne kayan barkarki da bakinki za su yi amfani.

Farkon abin da za ki kai shi ne abinci. Ko uwa ba ta ƙoshi ba nono zai zo, amma daga jikinta a ke zaftarewa, shi ya sa ki ke ganin wata ta rame kafin arba'in. Mai shayarwa tana bukatar ƙarin ɗan abinci sau 2 a yini bayan wanda ta saba ci. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa su ka ajiye al'adar naman ƙauri da yajin jego. Sai dai ƙauri na 'yan kwanaki ne, shayarwa kuwa ta shekara 2 ce. Mudun gyaɗa, ko na wake, ko ƙwai, ko busasshen kifi, ko garin kunu da ki ka haɗa da hannunki, ko kwaɗon zogale, kowanne ya fi hoda amfani. In da hali ki kai dafaffe, ba ranar suna ba da a ke ture-turen kwanuka, a'a, bayan mako 2 ko 3, sa'ad da baƙi su ka watse aka bar ta da murhu.

Na biyu, abin sha kusa da hannu. Da yaro ya kama nono uwa ta kan ji ƙishirwa, ga shi ba ta iya tashi. Jug mai murfi, ko fulas na kunu da za ta ajiye a gefen gado, ƙaramar kyauta ce mai yawan lada.

Na uku, wurin zama. Jariri sabon haihuwa ya kan sha nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Ki auna wadda za ta yi wannan zama a kan tabarma, ta sunkuya ba majingina, yadda bayanta da wuyanta za su yi. Matashi biyu sun isa: ɗaya a bayanta, ɗaya a cinya don ya ɗago yaron zuwa ga nono. Ku 'yan makaranta da aka koya muku ɗinki, ƙyallen atamfa da auduga kaɗai ku ke bukata.

Na huɗu, tufa. Riga mai buɗewa ta gaba, da rigar nono ta auduga wadda ba ta matse ba, domin matsattsiya ta kan toshe hanyar nono. Ki haɗa da 'yan ƙyallaye masu laushi da za ta sa su tsotse nonon da ke zuba, ta riƙa sakewa in sun jiƙe, ta wanke ta shanya a rana. Mayafi mai faɗi ya kan ba ta sakewa in baƙi sun cika ɗaki, majanyi mai ƙarfi kuma ya sakar mata hannu. In gidan babu gidan sauro, to, shi ne kan gaba, gama zazzaɓin cizon sauro ba ya tausayin mai jego ko jaririnta.

Akwai kuma abin da ba na so ki kai: kwalbar shayarwa, wadda mu ke kira fida, da madarar gwangwani. Fida tana da wuyar wankewa, ƙazanta ta kan maƙale a cikin robar, ga ƙuda. Madarar kuma in ta yi tsada sai a riƙa tsinka ta da ruwa, yaro yana sha yana ramewa. Barnar da wannan ya yi a ƙasashe da yawa ita ta sa a 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'ida a kan tallar irin wannan madara. In likita ya ce wani yaro yana bukatarta, wannan dabam ne, shi zai nuna yadda za a yi. Uwar da za ta fita aiki ko makaranta kuwa, ƙaramin kofi da kwano mai murfi sun ishe ta. Ta wanke hannu, ta tatsa, ta rufe, ta ajiye a wuri mai sanyi a ɗaki, a ba yaron da kofi kafin awa 4. Da bazara gwamma a ba shi tun kafin haka.

Yanzu bari mu taɓa wanka da kunun kanwa, a hankali kuwa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zuwa gida wanka al'ada ce mai hikima: mace ta sami kwana 40 tana hutawa a hannun uwarta. Amma a 1978 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, waɗanda su ka yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun buga bincikensu a kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa. Sun ga yana da yawa a ƙasarmu, su ka kuma ɗora zato a kan yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, kamar rama da hawan jini na lokacin ciki. Duk da haka kanwa dangin gishiri ce, yawanta ya kan tara ruwa a jiki ya ba zuciya wahala. Kunun gyaɗa ko na tsamiya ya maye gurbinta, ruwan wanka kuma mai ɗumi ya isa. In kin ga mai jego ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a ce sanyi ne a ƙara wuta. A kai ta asibiti a ranar.

Duk kayan da na lissafa, akwai abin da ya fi su, watau hannu. Da yayata ta zo gida wanka, an kawo mata turamen atamfa ba kaɗan ba. Amma har yau in ana hira wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ke ambata, wadda ba ta kawo ko ƙyalle ba. Kullum da hantsi sai ta shigo da kwanon kunu, ta ɗauki babban yaron ta tafi da shi gidanta, ba ta dawo da shi sai azahar. A wannan tsakani yayata ke samun barci. Kowace a cikinmu tana iya yin haka. Ke 'yar makaranta, in kin taso ki ɗebo ruwa, ki wanke tsummokin jariri, ki share tsakar gida. Ke abokiyar zama, ki karɓi girkinta da zuciya ɗaya, watarana ke ce. Ke mai zuwa barka, ki gaida ta ki tashi, kada ki shimfiɗa hira har yaro ya yi ta kuka uwar tana kunyar buɗe ƙirji.

Maigida ma yana da nasa. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, inda aka ambaci shayarwa ta shekara 2, nan aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Ragon suna ba shi ne ƙarshen hidimarsa ba. Masu aikin albashi kuma su sani dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau 2 a lokacin aiki don ɗanta. Hakki ne, ba alfarma ba.

Saura baki. Ba abin da ke karya zuciyar sabuwar uwa kamar a ce mata, “Nononki ba ya isarsa,” ko “Wannan na farkon ba shi da kyau, a matse a zubar.” Nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda a ke kira dakashi, shi ne rigakafin yaro na fari. Kaɗan ne, amma cikin jariri ma kaɗan ne a ranar. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Yawan tsotso shi ke kawo yawan nono. In bayan kwana 5 yaro yana fitsari sau 6 ko fiye a yini, nauyinsa kuma yana ƙaruwa a wurin awo, to, yana ƙoshi, ko da yana kuka.

In kan nono ya tsage, galibi kamun ne bai yi daidai ba. A jawo yaron cikinsa ya manne da na uwar, ya buɗe baki sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa tana taɓa nonon. In kuwa nono ya yi tauri, ya yi zafi, ga zazzaɓi, kada ta daina shayarwa, amma ta ga ma'aikaciyar lafiya ba tare da jinkiri ba. Ke da ki ka iya karatu, ki karanta wa wadda ba ta iya ba, cikin ladabi, musamman in gaban manya ne. Sau da yawa uwar miji in an yi mata bayani da girmamawa, ita ce za ta tsaya a bakin ƙofa ta hana a ba jikanta ruwa.

To, 'yan'uwa, in an aiko miki an sauka lafiya, kafin ki nufi kasuwa ki tambayi kanki: me za ta ci, ina za ta jingina, wa zai karɓe ta ta yi barci? Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu jego lafiyar shayarwa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wassalam.