Kujerar da aka ƙera don mai tarin fuka

Idan kin taɓa kwana a kan kujerar roba kina jinyar mahaifiyarki, to za ki gane abin da ya tsayar da ni a Paimio.

Ƙaramin gari ne a ƙasar Finland, kusa da birnin Turku. A tsakiyar dajinsa akwai wani farin gini da aka kammala a 1933 domin masu tarin fuka. A lokacin babu maganin cutar, sai hutu da abinci da iska mai kyau. Alvar Aalto da matarsa Aino ne suka zana ginin, kuma har kayan cikinsa su suka tsara: gadaje, fitilu, hannayen ƙofa.

Abin da ya fi shahara shi ne kujerar. An lanƙwasa siraran fallayen katako da aka manne, mazauni da majingina suka zama falle ɗaya, ƙarshensa a naɗe kamar tabarma. An kishingiɗar da bayanta yadda ƙirjin marar lafiya zai buɗe, numfashi ya zo da sauƙi. Ni da nake yini ina tara wa masu haki matasai a baya, sai na ga kafinta ya riga ni wannan aikin da shekara casa'in.

Ki shiga ɗakin majinyata, gado biyu ne. An tsara kwanon wanke hannu yadda ruwa zai zuba ba ƙara, kada ya tashi maƙwabci daga barci. An ajiye fitila inda ba za ta haske idon wanda ke kwance ba, an kuma shafa wa rufin fenti mai sanyi, tunda shi majinyaci ke kallo dare da rana. Hannun ƙofa ma an lanƙwasa shi don kada ya kama hannun rigar ma'aikatan jinya.

Yau ana ajiye wannan kujera a gidajen tarihi na fasaha, kamfanin Artek da suka kafa tare da abokansu a 1935 yana ƙera ta har yanzu.

Mu kuwa, in za a yi wa amarya kayan ɗaki, ƙyalli muke dubawa. Sai tsohuwa ta nutse cikin kushin ta kasa tashi, mai ciki ta rasa inda za ta jingina. Ranar da za ki je wurin kafinta, ki tafi da Hajiya, ta zauna, ta miƙe da kanta ba wanda ya kama ta. In ta iya, sai ki biya kuɗin.