Zamanin da Kwamfuta ke Aron Memori

A farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan buga takardu da na shiga intanet suka fara yawa a Kano, galibin kwamfutocinsu 'yan gwanjo ne, irin su Pentium III da aka gama moriyarsu a Turai, aka sauke a Ikeja, suka biyo mota zuwa Arewa. RAM ɗinsu bai cika wuce megabait 128 ba. Wasu ma 64 ne, iyakar ƙarancin da Windows XP ta 2001 ta gindaya. Da ɗan wannan ake tsara katin biki a CorelDraw, ake buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, iyalai suna cin abinci.

Memorin aro ne ya rufa wa waɗannan na'urori asiri. Idan RAM ya cika, sai Windows ta kwashe abin da ba a buƙata nan take ta kai wani fayil a kan had-dis mai suna pagefile.sys, kamar ɗan tireda da teburinsa ya yi kaɗan, yana kai kaya sito yana ɗaukowa. Dabarar ta daɗe, tun kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a 1962, amma mu a bakin masu gyara muka tsince ta.

Kowane yaron shago ya haddace lissafin girman fayil ɗin: ninki ɗaya da rabi na RAM. Mai 128 ya sa 192, mai 256 ya sa 384, wannan shi ne adadin ƙasa, na sama kuma kada ya wuce ninki uku. Masu Linux su ce a'a, ninki biyu ne. Za ka ji maigida daga bayan kanta yana cewa, "Kai yaro, daidaita na ƙasa da na sama, kada fayil ɗin ya warwatse." Yaro ya ce, "To, Oga," ya shiga Control Panel hannu na ɗan rawa. Har musu ake yi a kan mayar da fayil ɗin ɓangaren D. A ganina masu cewa sai da had-dis na biyu ake ganin amfani su ne da gaskiya, domin C da D a faifai guda allura ɗaya ce ke yi musu zirga-zirga.

Ina kewar yadda na'urar ke faɗa maka damuwarta. Jar fitilar nan ta gaban akwati ta kama ta ƙi mutuwa, had-dis na ƙarar-ƙarar, kibiyar linzami ta koma agogon yashi, can kusa da agogo ɗan gargaɗi mai ruwan ɗorawa ya leƙo cewa memorin aro ya yi ƙasa. Kwastoma na kallon lokacinsa na tafiya, kai kana rufe shafuka ɗaya bayan ɗaya kana ba shi haƙuri. Ranar da aka tara kuɗin ƙarin RAM kuwa ranar farin ciki ce. A goge haƙoransa na zinare da abin goge fensir, a danna shi har maƙallan gefe su ce ƙas, a kunna, kowa ya zuba ido lambar ta hau.

Yau kwamfuta mai gigabait 8 ko 16 da SSD ba ta buƙatar wannan lissafi. Ninki ɗaya da rabi na 16 gigabait 24 ke nan, ɓarnar wuri kawai. Wanda ya tambaye ni yanzu, ce masa nake ya bar Windows ta tsara abinta, kada dai ya kashe fayil ɗin gaba ɗaya, domin akwai manhajojin da ke tsayawa cak idan babu shi.