Jarkar da na ajiye jikin madafa

Ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ban kwanta ba sai da na ɗauki jarkoki biyu masu cin lita 25 na bi layi a wani gidan mai da ke hanyar Kawo. Ina da ɗan lambu a bayan gidanmu a Hayin Banki, alayyafo da tumatir da yakuwa, da ƙaramin injin ban ruwa da nake jan ruwan rijiya da shi. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, na riƙa jin cewa na yi dabara.

Na manta damina ta kama, lambu ba zai nemi inji ba sai bayan kaka. Jarkokin suka yi zamansu a ɗakin ajiya, bango ɗaya ya raba su da madafa. Uwargida ta yi magana ya fi a ƙirga. "Malam, warin man nan har cikin garin tuwo nake jin sa. Don Allah a fitar da shi." Na ce ai a rufe suke, waje kuma akwai ɓarayi. Gaskiyar magana, kuɗina nake ji, ba ita ba.

A watan Maris na 2024, cikin azumi, zafin bazara ya kai intaha. Gab da shan ruwa na jawo jarkar da ta rage zuwa tsakar gida don in zuba wa inji. Ta kumbura don na cika ta har wuya, ban bar wa tururi wuri ba. Uwargida na suyar ƙosai a kurfoti, taku huɗu tsakaninmu, autarmu na zaune a tabarma kusa da ita. Na kwance murfi, jarka ta yi huci, na fara tsiyaya. Sai na ga wuta ta taso daga wajen garwashin, tana bin ƙasa kamar an ja mata zare, har bakin mazurari.

Bokitin ruwa na rarumo. Maƙwabcina, dattijon da ya shekara da shekaru yana tuƙa tankar mai daga matatar Kaduna, yana zaure yana jiran mu sha ruwa tare. Ya faɗo yana cewa, "Kul, ɗana! Kada ka zuba ruwa! Yashi!" Ya danne bakin jarkar da jiƙaƙƙen buhu, muka rufe sauran da yashin gini. Uwargida ta riga ta fizge yarinyar, a garin haka gefen zanin uwargidan ya kama, wuyan hannunta ya ƙone.

An kira sallah, na kasa haɗiye dabino. Dattijon ya zaunar da ni ya ce tururin fetur ne ke cin wuta, ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi ya tarar da garwashi inda yake. Ruwa kuma ɗaukar man yake a kansa ya baza shi ko'ina. Sannan ya tambaye ni, "Nawa ka rage da wannan ajiya?" Na buɗe baki zan lissafa, idona ya sauka kan tabarmar da ta ƙone daidai inda yarinyar take zaune. Wata tara ina ƙirga naira, ban taɓa ƙirga mutanen da ke kwana jikin jarkar ba. Warin da matata ke kuka da shi, gargaɗi ne da Allah ya sa a hancinta, ni kuma na rufe mata baki.

Ragowar man ma bai yi rana ba. Ya tsufa, ya yi danƙo, ya toshe injin, sai da bakanike ya kwance shi.

A Oktoban 2024, da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu, na ji wasu na cewa ganganci ne. Ban iya sa baki ba.

Yanzu lita biyar nake saya, abin da zan ƙarar a mako. Jarkar tana can a rumfar ƙarshen lambu, cikin inuwa, a kulle, da bokitin yashi a gefe, kuma ba na zuba wa inji sai ya huce. Tabon yana nan a hannun uwargida. Kullum ta miƙo min abinci sai na gan shi, ita kuwa har yau ba ta taɓa ce min "ai na faɗa maka" ba.