Daga Kwatar Chalawa Zuwa Tsibin Buntun Kura

Kafin ido ya ga kwatar, hanci ya riga ya kai labari. Mun bi hanyar Panshekara da sassafe, ni da Inna, ƙanwar mahaifiyata da ke koyar da ilimin sinadarai, muka tsaya a bayan rukunin masana'antun Chalawa, inda ruwan da ya fito daga majemu da masaƙu ke gangarawa kogi. Ruwan ya yi baƙi-baƙi, wani wuri da shuɗi-shuɗi, kumfa ta taru a gefe ta bushe. Ƙasa kaɗan, wani manomi na janyo shi da injin ban-ruwa zuwa fadamar alayyafo da latas.

"Baba, wannan ruwan ba ya ƙona maka shuka?" in ji Inna.

"Hajiya, da rani wane ruwa gare mu in ba shi ba?"

Ta sa safar hannu ta cika kwalabe, muka juya. Wannan kogin ne ke haɗuwa da Kogin Kano a kusa da Tamburawa, su zama Kogin Haɗeja, su bi ta Wudil har dausayin Nguru. Da muka hau gadar Tamburawa a kan titin Zariya, na leƙa na ga masu yashi da masu wanki a ƙasa, kowa na sabgarsa.

Kura ce zangonmu na biyu, kuma ba don turkuɗi muka je ba, duk da cewa garin ya yi suna wajen rinin da Buzaye ke naɗawa. Marinan da sun yi aiki da baba da toka, abin da ƙasa ke iya cinyewa. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin roba a 1897, rini ya koma hannun masana'antu, kuma an ƙera launukan zamani ne musamman don kada rana ko sabulu su ci su. Abin da ya sa atamfa ba ta koɗewa, shi ya sa kogi ya kasa narkar da su.

Buntun shinkafa muka je nema. Albarkacin ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, Kura ta zama garin shinkafa, kuma bayan kowane injin casa akwai tsibin buntu, wani ma yana ta cin wuta a hankali yana hayaƙi. Mai injin ya cika mana buhu, ya ƙi karɓar ko sisi, sai dariya yake yi wai malaman jami'a sun fara kiwon kaji.

A ɗakin gwaji ne buntun ya sake kama. Ɗaliban Inna sun riga sun jiƙa wani a ruwan gishirin ƙarfe, sun shanya, sun gasa shi a murhun lantarki da zafin da ya kai digiri 600, ba tare da iska ta shiga ba, don ya zama gawayi maimakon toka. Garin da ya fito baƙi ne wuluk, kuma da aka kawo mayen ƙarfe kusa da kwalbar, sai ya taso ya manne a jikin gilashi. Shi ne katalis: abin da ke sa sinadarai biyu su yi aiki da juna cikin sauri, shi kuwa bai ƙare ba, kamar dillalin da ya haɗa ciniki ya koma jiran wani.

Ta zuba garin a ruwan shuɗin rini. Launin ya ɗan ragu, na fara jinjina kai.

"Kada ka yi saurin murna, ɗana. Gawayi ne ya tsotse shi cikin ƙofofinsa. Dattin yana nan, mazauni kawai ya canza."

Sai ta ɗiga haidurojin, irin wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa. A nan ƙarfen ke shiga aiki: yana fasa haidurojin ɗin ya fitar da wasu ƙwayoyi masu tsananin kaifi, waɗanda ba sa kai ko daƙiƙa guda a raye, amma duk ƙwayar rini da suka tarar sai sun daddatsa ta, in aikin ya kai ƙarshe ta zama ruwa da iskar kabon da ɗan gishiri. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Fenton, ya ba da rahoton wannan haɗi na ƙarfe da haidurojin tun 1894. Matsalar tsohuwar hanyar ita ce tana buƙatar ruwa mai tsami sosai, kuma tana barin laka ta tsatsa mai yawa. Ɗaure ƙarfen a jikin gawayi yana rage lakar, yana kuma ba da damar a tsamo garin da mayen ƙarfe a sake aiki da shi. Kafin la'asar ruwan ya yi garau.

Kwalbar Chalawa kuwa ta ƙi ba da kai. Launin ya dushe amma bai tafi ba, domin gishiri da kitsen fata da sauran tarkace suna cinye ƙwayoyin nan kafin su isa ga rinin. Kuma majemu na amfani da kuromiyom, wanda shi kansa ƙarfe ne, ba a fasa shi. Sai dai a kama shi a fitar. Ko ruwan da ya yi garau ɗin ma, Inna ta hana a zubar da shi a lambatu sai an auna, don ɓaraguzan rinin da aka datse rabi-da-rabi na iya fin asalin guba.

A ganina, tunda ruwan da yake fitowa daga bututun masana'anta guda an san abin da ke cikinsa, a can ya kamata a tare shi, kafin ya gauraya da na maƙwabta a kwata. Ɗaliban sun ce mako mai zuwa za su gwada ɓawon gyaɗa, su ga ko zai fi buntu riƙe ƙarfen.