Jinin Da Muke Tofarwa Da Asuba

A Birnin Gwari, kamar sauran garuruwanmu, mutum zai tsuguna a ƙofar gida da asuba yana aswaki, ya tofar da yawu ja da jini, ya kuskure baki ya wuce masallaci. Ba mai cewa komai. In ka tambaya a ce maka zafi ne, ko basir ne ya taso, ko icen ne ya yi tauri. In haƙori ya yi kogo a ce tsutsa, in ya fara girgiɗi a ce tsufa. Mun ɗauki faɗuwar haƙori kamar furfura, abin da ba makawa sai ya zo.

Wannan jinin shi na zaɓa na yi furojet ɗina a kansa a wannan shekara tawa ta ƙarshe a sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje. Abokaina har tsokanata suke yi, wai kowa na binciken ruwan sha da abinci, ni na maƙale a bakin mutane. To, 'yan uwana ɗalibai, ga abin da na samo a cikin bakin.

Tun 1683 wani ɗan ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro dauɗar haƙorinsa ya duba da madubin da ya haɗa da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna motsi. Ba tsutsa ba ce, bakteriya ce, kuma akwai ɗaruruwan irinta a bakin kowa. Yawancinsu ba ruwansu da kai. Matsala tana farawa ne in sun samu wurin zama na dindindin, kuma sukari ne ke gina masu shi.

Sukarin da mai shayi ke zuba mana, da na rake, da mazarƙwaila, duk abu ɗaya ne a wajen masana: sukuros. Shi kuwa tagwaye ne a manne, gulukos da furuktos. Akwai wata bakteriya mai suna Streptococcus mutans da ta ƙware wajen raba su. Sai ta riƙa ɗaura gulukos ɗin ɗaya bayan ɗaya kamar zaren tasbaha, har ya zama wani abu mai danƙo irin ƙaro, ta liƙe da shi a jikin haƙori. Ragowar kuma ta ci, ta fitar da tsami mai narkar da bayan haƙori. Mintuna kaɗan bayan ka kurɓi shayi tsamin ya fara aiki, yawu kuma yakan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ya wanke shi. Shi ya sa wanda ke tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya a karatun dare ya fi wanda ya shanye lemonsa lokaci guda cutar da bakinsa.

Wannan labarin kogo ke nan. Labarin dasashi ya fi shi ban mamaki. Idan dauɗar nan ta kwana ta wuni a gindin haƙori, sai ta yi tauri kamar siminti, dasashi ya kumbura, ya ɗan saki haƙorin, wani ɗan aljihu ya buɗe a tsakaninsu inda iska ba ta shiga. Nan ne wasu baƙi ke tarewa. A 1998 wani masani a Amurka, Sigmund Socransky, da abokan aikinsa suka nuna guda uku da aka fi samu tare a dasashin da ya lalace: Porphyromonas gingivalis, Tannerella forsythia da Treponema denticola.

Ta farkon ba ta ma damu da cin sukari ba. Nama take ci, namanka, tana kuma neman ƙarfen da ke cikin jini. In aka raine ta a faranti mai jini a ɗakin gwaji, baƙi ƙirin take zama saboda abin da ta tara. Wato jinin nan da muke tofarwa abincinta ne. Amma duk da haka da sukari take aiki: wasu sarƙoƙin sukari da take ƙerawa da kanta su ke riƙe mata wuƙaƙen da take yanka nama da su a bayan jikinta. Ta biyun kuwa, Tannerella, riga take ɗinkawa da sukari. Ƙwayoyin jikinmu suna da wani irin sukari a bayansu wanda garkuwar jiki ke gane na gida da shi. Ita sai ta yanko namu ta ci, ta kuma lulluɓe kanta da mai kama da shi. Garkuwar jiki ta rikice, ta yi ta faɗa ba ta gama da maƙiyin ba, a garin haka ƙashin da ke riƙe da haƙori ya yi ta zaizayewa. Mu da muka taso a gefen dajin Kamuku ba sai an yi mana dogon bayani a kan mai ɓarna da ya samu maɓoya, ya kuma saje da mutanen gari ba.

Ba don neman maki kawai nake wannan karatu ba. Babanmu manomi ne. Da rashin tsaro ya yi tsanani muka baro ƙauye muka dawo cikin gari, kamar dubban mutane. Da can kunu da tuwo ne abincinsa, aswakinsa kuma ɗanyen reshen marke da yake karyowa a hanyar gona. A gari sai ya koma shayi da burodi safe da yamma, cokali uku na sukari a kofi, daji kuwa ya gagari shiga. Bayan shekaru aka gano yana da ciwon suga. Shi da ciwon dasashi kamar ɗanjuma ne da ɗanjummai: sukari in ya yi yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, kumburin dasashi kuma yana sa sukarin ya ƙi sauka. Da haƙoransa na gaba suka fara girgiɗi aka ce sai mu je Kaduna. A lokacin, wa zai bi hanyar Buruku saboda haƙori? Sai ya riƙa sayen maganin kashe zafi a kemis. Yanzu huɗu sun tafi. Ranar Babbar Sallah na ga Inna tana yayyanka masa nama ƙanana kamar na yaro, ya ce mini, "Ɗan nan, ai shekaru ne." Bai kai sittin ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce sama da mutum biliyan ɗaya ke fama da ciwon dasashi mai tsanani. Bambancin shi ne, a wasu wurare ana tare shi tun yana jini, mu kuwa sai ya kai ga zare. Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun ƙaru a hanya, ana ta lissafin gonaki da shanun da aka rasa. Ba wanda zai lissafa haƙoran da suka zube a waɗannan shekaru.

Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne, duk dabarar waɗannan halittu, ba su iya komai sai dauɗa ta zauna. Aswaki ko buroshi, kowanne ya samu, muddin ana kai shi gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi, safe da kuma dare kafin barci. In ka ga jini kada ka daina goge wurin, a hankali za ka ci gaba. In ya wuce mako biyu, ka nemi likitan haƙori ya kankare wadda ta yi tauri, don ita aswaki ba ya cire ta. In a gidanku akwai mai ciwon suga, idan kun koma hutu ku ce ya buɗe baki ku duba. Ku kuma da kuke kwana a aji da alewa a aljihu saboda jarrabawa, ko ba komai ku kuskure baki da ruwa kafin ku kwanta.