Dogon Dutsi, Garin Da Ke Shiga Gonaki

Matafiyin da ya taso daga Dosso za shi gabas bisa babbar hanyar kwalta mai lamba 1, kafin ya kai Dogon Dutsi sai ya biyo ta Kore Mairuwa. Nan ya shigo ƙasar Arewa sosai. Yana cikin Dallol Mawri ke nan, wato babban kwarin da ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu. Cikin kwarin ruwan rijiya ba ya da nisa. Shi ya sa garuruwa suka yi jere a bakinsa, gonakin hatsi da wake suka cika tsakaninsu.

Kudu da Kore Mairuwa akwai Tibiri. Tibirin Samna ake nufi, ba ta Gobir da ke kusa da Maraɗi ba. A da tana ƙarƙashin Dogon Dutsi. Cikin shekarar 2011 gwamnati ta ba ta gundumar kanta, mai ƙananan hukumomi 4: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Abin murna ne. Amma garin da ya zama gunduma sai ya nemi wurin ofisoshi da gidajen ma'aikata, ga kuma baƙi da ke zuwa zama. Kowane ɗaki da aka gina, a gonar wani aka gina shi.

Wanda ke son ganin wannan al'amari da idonsa, sai ya wuce Dutsi ya hau tudu.

Tun daga nesa ake hangen duwatsun da gari ya samo sunansa, har da wanda ake ce ma Tozon Bijini. Daga sama, gari biyu mutum ke gani wuri ɗaya. Ga tsofaffin unguwanni, irin su Konawa da Maizari. Gidaje sun manne da juna, lungu yana lanƙwasa kamar igiya, wani wurin amalanke da ƙyar take wucewa. Ba wanda ya auna su. Ɗa ya yi aure, uba ya nuna masa gefen gida, shi ke nan. Ga kuma sababbin unguwanni daga waje. Hanyoyinsu a miƙe suke, gidaje layi-layi kamar gurabun dara. Waɗannan aikin masu awon fili ne.

Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 70,000 cikin ƙaramar hukumar Dogon Dutsi, gari da ƙauyukansa. Tun daga lokacin an haifi yara da yawa, kuma mutanen karkara na ta shigowa. Dole gari ya buɗa.

Ga yadda ake buɗa shi. Hukumar gari takan zaɓi wani yanki a bakin gari. Masu awo su zo da kayansu. Su zana taswira, su fitar da hanyoyi, su ware wurin makaranta da asibiti da kasuwa da masallaci. Sauran su yanka shi filaye, su kafa turakun siminti a kusurwar kowane fili. Wannan shi ne yankan filaye, wanda ake ce ma lotisma. Akwai dokar tsara birane ta 2017 da ta shimfiɗa ƙa'idojinsa. Wanda ya sayi fili sai a ba shi takarda mai lambar filin.

Tsarin na da amfani. Unguwar da aka auna, motar asibiti na shiga har ƙofar gida. Masu jan famfo da masu kafa sandunan lantarki na samun hanya ba tare da an rushe ma kowa katanga ba. In gobara ta tashi, akwai ta inda za a kai ɗauki.

Sai dai akwai masu hanya guda biyu da suka riga masu awo zuwa: ruwa da dabbobi.

Ruwa tukuna. Duwatsun Dutsi ba sa shan ruwa. In aka yi ruwan sama mai ƙarfi, duk abin da ya zuba a kansu sai ya gangaro ta ƙoramu, ya ɗauko yashi da tsakuwa, ya nufo gari. Daga nan ya nemi gangare, ya taru a tafkuna, irin Tapkin Saw da ke kusa da gari, inda masu lambu ke noman rani. Ƙorama da rani busasshen yashi ce. Baƙo ya gan ta ya ce ga fili mai araha. Da damina ne mai wurin ke dawowa. A shekarar 2002 ambaliya ta yi ma garin mummunar ɓarna. Bayan nan mutanen Dutsi suka hau tudu da kansu, da taimakon masana na gida da kuɗin abokan arziki na waje. Suka jera duwatsu suna tare ƙoramu, suka haƙa ramukan rabin wata a jikin gangare. Dabarar mai sauƙi ce. Jeren dutse ba ya tsayar da ruwa ɗungurungum, yana dai karya masa gudu. Ruwa ya tsaya kaɗan ya shiga ƙasa, yashi ya kwanta a baya, ciyawa ta fito inda a da babu komai. Wato gyaran gari daga bayan gari aka fara shi, a wurin da ba gida ko ɗaya. Garin Orse na ƙasar Faransa, wanda ya daɗe yana ƙawance da Dogon Dutsi, ya kasance cikin waɗanda suka ba da hannu a ayyukan ruwa da tsabtar gari.

Amma jeren dutse na son gyara duk shekara. Mai neman dutsen gini da ya kwashe shi a amalanke, maƙwabtansa na gangare ya buɗe ma ruwa.

Sai dabbobi. Garken da ke hawa arewa da damina, ya sauko kudu bayan girbi, burtali yake bi. Haka awakin gari da shanun noma, kullum sai sun fita kiwo sun je mashaya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce burtali da makiyaya da mashaya ta jama'a dukiyar kowa ce, ba wanda ke da ikon mayar da su nasa. In sabuwar unguwa ta toshe bakin burtali, dabba ba ta komawa baya. Gona take faɗawa. Daga nan sai ɓarna, sai tara, wani lokaci har sanda. Makiyayi ba ya cikin gari ranar da ake zana taswira, yana can daji da bisashensa. Don haka ya kamata shugabannin makiyaya su riƙa leƙa ofishin hukumar gari, su nemi a nuna masu inda aka bar ma dabbobi hanya tun ba a kafa turaku ba.

Mai gonar da gari ya iso fa? Doka ba ta yarda a karɓi gonar mutum hannu banza ba. Tun 1961 akwai dokar da ta ce in za a karɓi ƙasa don amfanin jama'a, sai an biya diyya. A wajen lotisma, sau da yawa filaye ake ba mai gona daga cikin waɗanda aka yanka. To, a yi lissafi. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. In fili ɗaya mita 20 ne kowane gefe, hekta za ta ba da fili 25. A cire hanyoyi, a cire wurin makaranta, a cire rabon hukuma. Abin da ya rage ma mai gona kaɗan ne. Kuɗinsa na da daɗin gani ranar saida shi. Amma gona duk shekara tana cika rumbu, fili kuwa sau ɗaya ake saida shi. Wanda ya mayar da kuɗin ga wata gona ko garke ya tsira. Wanda ya kai su ga biki, baɗi a kasuwa zai auni hatsi.

Kuma ba kowa ne ake biya ba, sai wanda aka tabbatar gonar tasa ce. Nan rigima take. Gonar gado ce da ƴan'uwa ba su raba ba? Aro ce tun zamanin kaka? Jingina ce da shaidunta suka mutu? Wanda ya shekara 30 yana noman gonar aro na iya tashi ba shi da ko taki ɗaya.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta buɗe hanyar magance wannan. Ita ta kawo hukumomin kula da ƙasa, waɗanda ake ce ma Kofo. Akwai ta gunduma, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai ta ƙauye. Ta ƙauye mai gari ne shugabanta, kuma cikinta akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da samari. Ana rubuta takardar shaidar gonar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Ana kiran maƙwabtan gona su tsaya su shaida iyaka. Kofo ce kuma ke bin burtali tana sa masa alama don kowa ya san inda ya bi.

A bakin Dutsi, inda gidaje suka ƙare, da damina ana iya ganin hatsi ya yi tsawo, turakun siminti na tsakaninsa. Masu filayen ba su fara gini ba, tsohon mai gona na ci gaba da shuka kafin su zo. Can gaba kaɗan akwai gonakin da turaku ba su kai ba tukuna.