Hoton faifai ba rumbu na biyu ba ne

Jama'a, yanzu kowane ofishi a Dutse maganarsa ɗaya: a bar takarda a koma kwamfuta. Madalla. Ai tun zamanin Saminu Turaki da aka kawo Galaxy muke wannan mafarkin. Amma bari in ba ku labarin kunyar da na sha.

Akwai wani ofishi da nake kula musu da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansu. Wata Alhamis zan sabunta manhaja, sai na ɗauki abin da muke kira sinafshot, hoton yadda faifan ajiya yake a wannan lokacin, don in abu ya lalace in koma baya. Na ware masa gig 20. Aiki ya yi kyau, na tafi gida, na manta da shi kwata-kwata.

Bayan sati uku wani ma'aikaci ya goge jakar lissafin gudummawar mambobi bisa kuskure. Oga ya kira ni hankali a tashe. Na ce, "Ranka ya daɗe kwantar da hankalinka, akwai hoto." Da gadara na faɗa wallahi. Ina dubawa na tarar hoton ya mutu.

Ga dalili. A tsarin LVM na Linux, hoton nan ba kwafin komai ba ne. Duk lokacin da za a canza wani gurbi a faifai, sai a kwashe tsohon abin da ke wurin a zuba a filin da ka ware. Kullum ana aiki, kullum filin na cika. Ranar da ya cika maƙil, shi ke nan, ya tashi daga aiki gaba ɗaya, ba wai rabi zai rage maka ba. Ashe ma nauyin da sabar ta yi, da ake ta ɗora wa "netwok" laifi, hoton ne, saboda kwashe-kwashen nan da yake yi kafin a rubuta sabon abu. Kamfanin VMware ma shawararsa ita ce kada hoto ya wuce awa 72. Nawa ya yi kwana 21.

Kwana tara muka yi muna sake shigar da lissafi daga rasit. Takardar da muke rainawa ita ta fitar da mu.

Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne, ko da hoton bai cika ba, a faifai ɗaya yake zaune da ainihin bayanan. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Haɗejiya ya san ruwa ba ya tambayar wane buhu ne na iri. In faifan ya ƙone, sun tafi tare. Haka ta faru a Faransa a Maris 2021, gobara ta cinye cibiyar OVH a Strasbourg, wasu suka rasa komai don ajiyarsu tana wuri guda. A 2014 kuma wani ɗan kutse ya shiga asusun kamfanin Code Spaces ya goge hotunan da ajiyar, kamfanin ya rufe.

Ban ce hoto ba shi da amfani ba fa. A Janairun 2017 hoton da aka ɗauka awa shida kafin kuskure shi ya ceci GitLab, duk da aikin awa shidan ya tafi. Ni ma ina ɗauka har gobe, amma in na gama aiki a ranar nake goge shi.

Don haka shugabannin ofisoshi, in ɗan kwangila ya ce muku "akwai sinafshot", ku ce ya nuna muku inda kwafi na biyu yake, kuma ya dawo da fayil ɗaya a gabanku. Ni dai yanzu duk Juma'a kafin masallaci nake kwafe komai a wani faifai daban mai kulle, da izinin oga, in sa a jaka in tafi da shi gida Takur. Uwargida har ta ware masa wuri a saman durowa.